Shekara Takwas a Majalisar Jiha: Inda Aka Ƙera Abraham Linkon

Akwai wani jerin labari da masu ƙarfafa wa matasa gwiwa suke yawan karantowa a bikin yaye ɗalibai, ko su yaɗa shi a saƙonnin waya: wai Abraham Linkon ya faɗi zaɓe a shekara kaza, ya karye a kasuwanci, ya sake faɗuwa, ya kuma faɗuwa, har dai haƙuri ya kai shi kujerar shugabancin Amurka a 1860. Niyyar masu faɗa mai kyau ce, amma jerin ya ɓata tarihi, domin ya tsince faɗuwa ya zubar da nasara. Wanda ya duba sakamakon zaɓukan jihar Ilinoi zai ga wani mutum dabam. Sau biyar mutanen gundumar Sangamon suka zaɓe shi zuwa majalisar wakilan jiha, a 1834 da 1836 da 1838 da 1840 da 1854, sau ɗaya kuma aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta tarayya, a 1846. A duk kujerun da ya nema wa kansa, sau ɗaya tak talakawa suka kayar da shi da ƙuri'arsu kai tsaye, a 1832, kuma shi da kansa ya rubuta haka a taƙaitaccen tarihinsa na 1859. Sauran faɗuwar da ake lissafawa ta faru ne a zaurukan da 'yan siyasa ke zaɓen junansu. Abin da nake son kafawa shi ne Linkon gogaggen ɗan jam'iyya ne tun yana saurayi, kuma majalisar jiha ce ta koya masa sana'ar da ya riƙe ƙasa da ita daga baya: ƙirga ƙuri'a tun kafin a kaɗa ta, sanin abin da kowane wakili yake buƙata a mazaɓarsa, da sanin ranar magana da ranar jira. Mu da muka ɗauko tsarin gwamnoni da majalisun jihohi daga Amurka a 1979, muke kuma kallon ɗan majalisar jiha a matsayin ƙaramin ɗan siyasa mai jiran ya haye Abuja, wannan tarihi ya cancanci mu dube shi da kyau.

Faɗuwar ta 1832 ma ba yadda ake ba da ita take ba. A watan Maris na shekarar, Linkon yana da shekara 23, yaron shago ne a ƙauyen New Salem, bai cika shekara guda a garin ba, karatunsa na makaranta kuwa in an haɗa shi duka da kyar ya kai shekara. Ya buga sanarwar takararsa a jaridar Sangamo Journal, babban batunsa kuwa a gyara kogin Sangamon domin jiragen ruwa su iya bi, saboda manoman yankin suna da masara da dabbobi amma ba hanyar kai su kasuwa. Ya taɓo kuma batun masu ba da rance da kuɗin ruwa mai tsanani, da batun ilimi. Kafin ya fara yawon neman ƙuri'a sai yaƙin Black Hawk ya taso, ya shiga sojan sa kai, abokan tafiyarsa suka zaɓe shi kyaftin, bai dawo gida ba sai ana saura kamar mako biyu zaɓe. Ranar 6 ga Agusta 'yan takara 13 suka nemi kujeru 4 na gundumar, ya zo na takwas da ƙuri'a 657. Amma a mazaɓarsa ta New Salem ya samu 277 daga cikin masu zaɓe kusan 300. A wancan zamani a Ilinoi ba a jefa ƙuri'a a ɓoye: mutum zai tsaya a gaban malaman zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, a rubuta, maƙwabta suna ji. Linkon ba ya ɓoye cewa shi mutumin Henry Clay ne, ita kuwa wannan mazaɓa a zaɓen shugaban ƙasa na kakar shekarar ta fifita Andrew Jackson a kan Clay da ratar ƙuri'a 115. Ke nan mutane sun tsallake jam'iyyarsu a bainar jama'a sun zaɓi saurayin da suka sani. Inda aka san shi ya lashe, inda ba a san shi ba ya sha ƙasa, gundumar kuwa mai faɗi ce ƙwarai.

Shekara biyun da suka biyo baya sun tafi ne wajen cike wannan giɓi, ko da yake talauci ne ya tura shi. Shagon da suka buɗe da William Berry ya karye, ya bar masa bashin da ya daɗe yana biya. A watan Mayun 1833 aka ba shi riƙon gidan wayar New Salem, ya riƙa cusa wasiƙu a cikin hularsa yana kai wa mutane har gonakinsu. Daga nan ya zama mataimakin safiyon gunduma a ƙarƙashin John Calhoun, wanda ɗan jam'iyyar Dimokurat ne. Awon gona da shata hanya aiki ne da ke shigar da mutum kowane lungu, ya kuma sa shi tsakiyar rigimar iyaka, inda ake gane mai gaskiya da wuri. Da zaɓen 1834 ya zo bai sake buga wata doguwar sanarwa ba, gida-gida ya bi. 'Yan Dimokurat suka yi masa tayin ƙuri'unsu, da nufin su yi amfani da shi su kayar da John Todd Stuart, jagoran 'yan Whig na gundumar. Linkon ya je ya gaya wa Stuart, Stuart ya ce ya karɓa. Linkon ya zo na biyu da ƙuri'a 1,376, Stuart ma ya tsira da kujerarsa. Ya ci moriyar abokan hamayya bai ci amanar ubangidansa ba, kuma wannan Stuart ɗin ne ya ara masa littattafan shari'a, daga baya ya ɗauke shi abokin aikin lauya. Sai da ya ranci dala 200 kafin ya iya tafiya Vandalia, babban birnin jihar na lokacin, dala 60 daga ciki kuwa kwat ya ɗinka da su.

Zamansa na farko, daga Disamban 1834, na mai sauraro ne. Amma a zaɓen 1836 shi ya zo na ɗaya cikin 'yan takara 17, kuma Sangamon ta tura wakilai bakwai da sanatocin jiha biyu, dukansu 'yan Whig, dogayen mutane har aka yi musu laƙabi da Dogaye Tara. Aikin da aka aike su a fili yake: su ɗauko babban birni daga Vandalia su kawo Springfield. Jama'a sun riga sun gangara arewacin jihar, Vandalia ta koma gefe, sai dai Alton da Jacksonville da Peoria kowacce tana so. Dabarar da aka bi ita ce a raba tambayar biyu, a fara amincewa cewa za a tashi, sannan a zaɓi inda za a koma, ta yadda duk garin da ke kwaɗayi zai taimaka a mataki na farko. Aka kuma sa sharaɗi cewa garin da aka zaɓa zai ba da dala 50,000 da fili eka biyu, abin da ya fitar da ƙananan garuruwa daga takara tun ba a fara ba. Ɗaya daga cikin taran, Robert Wilson, ya ba da labari daga baya cewa ko a lokacin da dokar ta yi kamar ta mutu Linkon bai karaya ba, yakan tara su a ɗakinsa a sake shiri. Ranar 28 ga Fabrairun 1837, a zagaye na huɗu, Springfield ta samu ƙuri'a 73 ta lashe. Linkon yana da shekara 28.

Kwana ɗaya kafin nan wata doka ta tabbata wadda ita ce tabon wannan majalisa. Jihar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba ta yanke shawarar ciyo bashin sama da dala miliyan 10 ta shimfiɗa layin dogo kusan mil 1,300 ta kuma gyara koguna, ban da hanyar ruwa da ake haƙawa daga tafkin Mishigan zuwa kogin Ilinoi. Aka ce a fara aiki ko'ina lokaci guda don kada wani yanki ya ga an bar shi a baya, gundumomin da ba dogo ba kogi kuwa aka ware musu dala 200,000 su raba. Gwamna Joseph Duncan da majalisar bitar dokoki sun ƙi amincewa, 'yan majalisa suka tsallake su. Thomas Ford, wanda ya yi gwamna daga 1842 ya gāji wannan bashi, ya rubuta a tarihin jihar da aka buga a 1854 cewa Dogaye Tara sun yi ba ni gishiri in ba ka manda, suna ba kowa ƙuri'ar dogonsa suna karɓar ta Springfield. Paul Simon, wanda shi ma ya zauna a majalisar Ilinoi kafin ya zama sanatan tarayya, ya bi kundin ƙuri'un majalisar ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1965, ya ce bai ga alamar wannan ciniki ba, domin shirin yana da farin jinin da ba ya buƙatar a sayi kowa. Ina ganin Simon ya fi kusa da gaskiya, tunda Stephen Douglas na Dimokurat, wanda yake cikin zauren a lokacin, yana sahun gaba wajen tura shirin. Sai dai wannan wankewa ta ƙara wa Linkon nauyi ne. In ba ciniki ya yi ba, to da zuciya ɗaya ya yarda da shirin, kamar yadda sanarwarsa ta 1832 ta nuna.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki bankunan Amurka suka rufta, masu sayen takardun lamunin jihar suka janye. Zuwa 1841 Ilinoi ta kasa biyan ko kuɗin ruwan bashinta, abin da aka samu na dogo kuwa guntu ne da bai kai mil 60 ba, daga Meredosia zuwa Springfield. Linkon yana cikin waɗanda suka daɗe suna cewa kada a yar da aikin. A 1839 har ya kawo shawarar jihar ta sayi filayen gwamnatin tarayya a kan santi 25 kowace eka, ta sayar a kan dala ɗaya da kwata, ta biya bashi da ribar, amma Washinton ba ta saurara ba. Masu kare shi suna cewa hangensa daidai ne, lokaci ne bai yi ba: hanyar ruwan ta kammalu a 1848 ta ɗaga Shikago, kamfanin Illinois Central kuma ya shimfiɗa dogo a shekarun 1850 kusan a kan layin da aka shata tun farko. Haka ne, amma manomin da aka ƙara wa haraji, wanda darajar gonarsa ta faɗi saboda baƙi suna gudun jihar da bashi ya yi wa katutu, bai ci ribar wannan hange ba. Jihar ta kai wajen 1880 tana biya, kuma tsarin mulkin da ta rubuta a 1848 ya ɗaure hannun majalisa wajen cin bashi saboda abin da aka gani. Duk wanda zai ba da tarihin wannan ɗan majalisa da gaskiya dole ya sa wannan a ma'auni.

A wannan zama ɗaya aka yi abin da masu yabonsa suka fi ambata. A watan Janairun 1837 majalisar ta zartar da ƙuduri na la'antar ƙungiyoyin masu fafutukar hana bauta, tana cewa tsarin mulki ya tsare wa jihohin kudu haƙƙin mallakar bayi. Ƙuri'a 77 suka amince, 6 suka ƙi, Linkon yana cikin shidan. Ranar 3 ga Maris shi da wani wakili, Dan Stone, suka shigar da takardar ƙorafi a kundin majalisa, suna cewa bauta ta ginu ne a kan zalunci da mummunar manufa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da yawancin mazaunanta daga kudu suka fito, wadda dokokinta tun 1819 suka ƙuntata wa baƙar fata ko da 'yantacce ne, wadda kuma a watan Nuwamban shekarar gungun mutane suka kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a Alton saboda rubutunsa a kan bauta. Amma a karanta sauran takardar. Ta ce wa'azin masu fafutuka yana ƙara sharrin ne maimakon ya rage shi, ta ce majalisar tarayya ba ta da ikon taɓa bauta a cikin jihohi. A duba kuma kwanan wata: ya jira mako shida, sai da Springfield ta shiga hannu da kwana uku sannan ya yi magana. Mutumin da ya sa hannu a wannan takarda shi ne wanda a yaƙin neman zaɓen 1836 ya rubuta cewa ƙuri'a haƙƙin fararen da ke biyan haraji ko ɗaukar makami ce. Mai sukarsa zai ce tsoro ne da lissafi. Lissafin kam akwai shi. Tsoro kuwa ban yarda ba, domin babu wanda ya tilasta masa ya rubuta komai, yawancin waɗanda suka ƙi ƙudurin sun yi shiru abinsu, kuma ba ƙuri'a ko ɗaya da takardar za ta ƙara masa a Sangamon. Abin da ta nuna shi ne mutum mai aƙida wanda ya riga ya koyi ya faɗe ta daidai gwargwadon abin da zauren zai iya ɗauka, a ranar da ba za ta rusa masa wani aiki ba. Wannan hali yana da farashi, kuma bayin da suka ƙara shekara 28 a ƙangi su suka fi kowa saninsa.

Sau biyu 'yan Whig suka tsayar da shi takarar kakakin majalisa, a 1838 da 1840, sau biyu William Ewing ya kayar da shi, domin jam'iyyarsa ba ta da rinjaye. Jagorancin marasa rinjaye ya koya masa aikin ƙasa-ƙasa. Takardar da kwamitin Whig na jiha ya rarraba a farkon 1840, wadda yake cikin masu sa mata hannu, ta umarci a raba kowace gunduma ƙanana-ƙanana, a rubuta sunan kowane mai zaɓe da inda ya karkata, mai shakka a tura masa wanda ya fi yarda da shi ya yi masa magana, ranar zaɓe kuma a tabbata an kai kowane ɗan jam'iyya rumfa. Ya kuma koya masa iyakar wayo. Ranar 5 ga Disamban 1840 majalisar wakilai tana zama a cocin Methodist na Springfield saboda ba a gama ginin majalisa ba. 'Yan Dimokurat suna so a rufe zaman, domin rufewar za ta tilasta wa bankin jiha ya koma biyan mutane da tsabar zinariya da azurfa, abin da ba zai iya ba. 'Yan Whig suka ƙaurace don kada adadin da doka ta nema ya cika, suka bar Linkon da Joseph Gillespie su riƙa neman a kira suna. Dogarin majalisa ya fita ya tattaro waɗanda ya samu, aka kulle ƙofa, adadi ya cika. Da Linkon ya ankara sai shi da abokansa biyu suka ɗaga taga suka dira waje, alhali an riga an ƙirga su. Jaridun hamayya suka yi ta yi masa dariya, Gillespie kuma ya ce Linkon ya yi nadamar abin. A zaɓen watan Agustan wannan shekara ma ya ci, amma shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka haye, domin mutanen karkara sun fara ganinsa a matsayin ɗan gungun lauyoyin Springfield. Bai sake neman kujerar ba sai bayan shekara 14.

Amfanin wannan makaranta ya fito fili a 1855. A wancan zamani 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanatan tarayya, haka aka ci gaba har 1913. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda Douglas ya jagoranta, ta buɗe wa bauta ƙofar yankunan yamma, ta kuma dawo da Linkon fagen siyasa. Ya ci kujerar majalisar jiha a Nuwamba, ya ajiye ta domin ya cancanci neman sanata, jam'iyyarsa kuwa ta rasa kujerar a zaɓen cike gurbi. Ranar 8 ga Fabrairu ya fara da ƙuri'a sama da 40, James Shields na Dimokurat yana da 41, Lyman Trumbull yana da 5 kacal, na 'yan Dimokurat masu adawa da dokar waɗanda suka rantse ba za su zaɓi ɗan Whig ba. Da aka yi ta zagaye, Dimokurat suka koma bayan Gwamna Joel Matteson, Linkon ya ga ƙuri'unsa suna zubewa, ya ƙirga ya gane in aka ƙara jinkiri Matteson zai haye. Sai ya umarci mutanensa su koma wa Trumbull, wanda ya ci a zagaye na goma da ƙuri'a 51. Masu jerin faɗuwa suna lissafa wannan a cikin asara, alhali daga cikin mutum biyar ɗin da suka hana shi akwai Norman Judd da John Palmer, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka yi masa aiki har ya samu takarar shugaban ƙasa a Shikago a 1860. Karawarsa da Douglas a 1858 ma a zauren majalisa aka yanke ta: 'yan takarar sabuwar jam'iyyarsa ta Rifablikan sun fi tara ƙuri'ar jama'a, amma tsohon rabon mazaɓu da sanatocin da wa'adinsu bai ƙare ba suka ba Douglas 54, shi 46.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce Douglas ɗin nan. Zaure ɗaya suka zauna a 1836, ya fi Linkon saurin hawa, ya fi shi cin zaɓe, amma iya lissafinsa ya ƙare ne wajen buɗe wa bauta hanya. Ke nan sana'ar majalisa kaɗai ba ta yin babban mutum, kuma na yarda da haka. Sai dai a juya hujjar a gani: Dan Stone ma ya sa hannu a takardar 1837, kalma ɗaya da Linkon, ya bar majalisa ya zama alƙali, aƙidarsa ba ta canza dokar ko'ina ba. Abin da ya raba Linkon da su biyun shi ne ya haɗa abin da kowannensu yake da rabinsa, kuma rabin na biyu a Vandalia da Springfield ya same shi. A watan Yunin 1864 gyaran tsarin mulki na 13, mai haramta bauta, ya gaza samun kashi biyu cikin uku a majalisar wakilai ta tarayya, bayan ya wuce majalisar dattawa inda Trumbull ne shugaban kwamitin da ya tsara shi. Linkon ya sake cin zaɓe a Nuwamba, yana iya jiran sabuwar majalisa mai rinjayen jam'iyyarsa, amma ya zaɓi ya nemi ƙuri'un a tsohuwar. Shi da sakatarensa na harkokin waje William Seward suka bi 'yan Dimokurat ɗaya-ɗaya, musamman waɗanda suka faɗi zaɓe ba su da sauran abin tsoro a mazaɓunsu. Ranar 31 ga Janairun 1865 aka samu 119 da 56. Washegari majalisar Ilinoi, tana zaune a ginin da Dogaye Tara suka jawo Springfield, ta zama ta farko a ƙasar da ta amince da gyaran, a cikin makon da ya biyo kuma ta soke dokokinta na ƙuntata wa baƙar fata.